Karanta wa ƴan CI da CP littafin Sallah mai hotuna: yaya za a yi aji duka ya gani?

Madam Rabi, CI:
Assalamu alaikum malamai. Sallar layya ta matso, ina neman shawarar waɗanda suka san aikin. Ana so a karanta wa ƴan CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu na lakol, littafin Sallah mai hotuna, to amma littattafan da ake samu ba su fi girman kaye ba, aji kuwa yara 80 ne ko fiye. Da an buɗe shafi na gaba su gani, na baya su miƙe tsaye, na tsakiya su hau ƙorafin an tare musu, kafin a kwantar da su labarin ya tsinke. Yaya ake yi kowa ya gani? Sannan littafin Faransanci za a riƙa juyawa da baki, ko sai an samu na Hausa?

Mushe Lawali, CP:
Wa alaikumus salam Madam. A fara da zama tukuna. Hoton da ke kan takarda A4, da zarar yaro ya wuce mita uku daga gare shi da wuya ya tantance ƙananan abubuwan da ke ciki. Saboda haka ba a karatun nan yara na kan tebura. A tura tebura jikin bango, a shimfiɗa tabarmi, a zaunar da su rabin da'ira layi huɗu, gajeru a gaba, layin ƙarshe bisa benci. Malami shi ma ya zauna, kada ya tsaya, littafin ya zo daidai kafaɗarsa. Yara 80 ba za su shiga cikin mita uku ba ko an matse su, don haka a raba aji biyu. Rabi na saurare, rabi na zane a allunansu, bayan minti 12 a musanya.

Riƙon littafin ma yana da ƙa'ida. Hannun hagu a ƙasan tsakiyarsa, babban yatsa da ɗan ƙaramin yatsa su danne shafukan biyu, fuskar littafin na kallon yara har a gama. Malami ta gefe yake leƙa rubutun, shi ya sa dole ya kusa haddace shi tun daga gida. Idan an karanta shafi, a kai shi hagu a ƙirga biyar a zuci, tsakiya biyar, dama biyar, sannan a juya. Yawancin malamai sauri suke yi a nan, sai yaron da ke gefe ya miƙe don ya kamo hoton, sauran su bi shi.

Kada taga ko ƙofa ta kasance a bayan malami, hasken zai mayar da littafin baƙi a idon yara. Ta gefe ake so haske ya shigo.

Direkta Isufu:
Mushe Lawali, zama da riƙon da ka faɗa daidai ne, amma rabon aji ban yarda da shi ba. Ɗiya 40 na CI da anka bari da allo da alli, malami ya juya musu baya, minti uku ba su kaiwa shiru. Kuma kunnensu na wajen labarin, sai a zo kansu sun riga sun ji ƙarshe. Maganin aji mai yawa babban littafi ne, kuma da hannu ake yin shi.

A nemi takarda mai girman A2, wato santimita 42 a 59, ko a haɗa A3 biyu. In babu, takardar buhun siminti ta ciki, wadda ba ta taɓa siminti ba, a goge ta a danne da dutsen guga marar zafi sosai. Shafi 12 sun isa. Hoto shi ci kashi uku cikin huɗu na shafi, rubutu a ƙasa, layi biyu, tsawon kowane harafi santimita uku, da baƙin alƙalami mai kaurin baki. Ja da rawaya ba su karantuwa daga nesa, a bar su ga launin hoto. Kowane abu da anka zana a kewaye shi da baƙin layi mai kauri, in ba haka ba farin rago bisa farar takarda ɓacewa yake yi. Bango na kwali, gaba da baya. A huda rami biyar a gefen hagu, santimita biyu daga baki, a liƙa ƙyalle a kan layin ramukan kafin a huda don kada takarda ta yage, a ɗinke da zaren buhu. Kada a ja ɗinkin da ƙarfi, littafin ba za shi buɗu sarai ba. A dora shi bisa kujera da anka aza kan tebur, a jingina da bayanta. Da wannan, na mita shida ma yana gani.

Mushe Lawali, CP:
Na karɓa Baba Direkta, in akwai lokacin yin sa. Malami ɗaya ba zai zana shafi 12 cikin mako guda ba ga gyaran kaye. Sai dai malaman CI da CP uku daga lakol biyu ko uku su haɗu, kowa ya ɗauki shafi huɗu, littafin ya riƙa zagayawa.

Direkta Isufu:
Haka ake yi. Amma mutum guda shi zana fuskokin duka. In kowa ya zana nasa yaron, ɗiya za su ɗauka mutane uku ne daban a cikin labarin.

Malama Hadiza, aji mai harshe biyu:
Bari in taɓa tambaya ta biyu, don ita ta fi damuna. Juya Faransanci da baki a gaban yara yana kashe labari. Malami ya karanta jimla, ya tsaya, ya nemi kalma, ya faɗa da Hausa, yaro ya ji abu ɗaya sau biyu da gibi a tsakani. Da ya gane Hausar na tafe, sai ya daina sauraren Faransancin gaba ɗaya, yana jiran fassara. Ga kuma wata illa: yau malami ya faɗi jimlar da wasu kalmomi, jibi da wasu. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai maimaici yake kamawa, yana so ya ji shafi na huɗu yau kamar yadda ya ji shi shekaranjiya, har ya riga malami faɗa. Daga nan ne yake gane cewa baƙaƙen da ke ƙasan hoto su ne ke riƙe da maganar, ba su canzawa.

Don haka a zauna a gida a rubuta Hausar, jimla ɗaya ko biyu ga kowane shafi, kada jimla ta wuce kalma goma. A rubuta a ƴar takarda a liƙa a bayan bangon littafin ko a ƙasan shafin. Abin da aka rubuta shi za a karanta kowane karo.

Karatu da harshen gida ba baƙon abu ba ne a lakol ɗin Nijar. Tun 1973 aka buɗe lakol ta gwaji da Hausa a Damagaram, kuma tun 1999 akwai ƙa'idar rubutun Hausa ta hukuma. Ita za a bi a littafin da aka yi da hannu, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ɗinsu. Wanda ya rubuta kofa a madadin ƙofa don gaggawa, shi zai sha wahalar gyara wa yaron a CE1, aji uku.

Mushe Abdu, CE1:
Malama, ina da ja. Yaran nan jarrabawa da Faransanci za su yi. A gida Hausa, a kasuwa Hausa, a makarantar allo Hausa da Larabci. In ɗan lokacin da za su ji Faransanci mai daɗi a cikin labari shi ma an ba Hausa, a ina za su ji shi?

Malama Hadiza, aji mai harshe biyu:
Ba a hana su ba Mushe, jeri ne. Littafi ɗaya sau uku ake karanta shi cikin mako. Ranar farko Hausa zalla, daga bango zuwa bango, tsayawa ba ta wuce biyu, don su sha labarin. Karo na biyu Hausa kuma, amma da tambayoyi, su ne ke yawan magana. Karo na uku, da yake sun san abin da ke kowane shafi, sai a nuna rago a faɗi sunansa da Faransanci, a nuna wuta, a nuna riga, kalma biyar ko shida, su maimaita. A CE1 kana iya karanta jimlolin Faransancin duka a karo na ukun, za su bi ka don sun riga sun san hanya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne yaron da bai san kalmar ba, bai san labarin ba, a ce ya kama duka biyu a zama ɗaya.

Mushe Abdu, CE1:
A CE1 zan fara Faransancin tun karo na biyu. A CI na bar miki.

Baban Nafisa, mai shagon buga takardu:
Malamai, ga abin da ya shafi ɓangarenmu. A intanet akwai African Storybook da StoryWeaver da Bloom Library, duka suna da labaran yara da Hausa, ana saukewa kyauta. Yawancinsu an yarda a buga, a fassara, har a gyara, da sharaɗin a bar sunan marubuci da mai zane. A duba farkon littafin ko ƙarshensa, sharaɗin na nan a rubuce. Littafin da aka saya kuwa, irin na kamfanin buga littattafai Gashingo da ke Yamai, ba a kawo mana shi a ce a yi kwafi 50, haƙƙin masu shi ne.

Wajen zaɓe, ku duba hoton kafin labarin. Hoto mai duhu da launuka masu yawa, in aka buga shi baƙi da fari, dunƙulewa yake yi, ba a gane rago da bango. A zaɓi mai zanen layi da fili fari, a buga a A3, yara ƴan CM, aji biyar da shida, su shafa launi. A buga da injin laser. Tawwadar ƙaramin inji mai ruwa da gumin hannu ya taɓa ta sai ta zuba, ga shi Sallolin shekarun nan cikin zafi suke faɗowa. In ƙaramin littafi ake so na naɗewa, adadin shafuka ya rabu da huɗu, 12 ko 16, in ba haka ba farin shafi zai fito. Kada a sa leda mai sheƙi a kan shafukan ciki, tana mayar da haske, na gefe ba sa ganin komai. Bango kaɗai ake yi wa.

Da yawa daga labaran Hausar can daga Najeriya aka rubuta su. A gyara naira ta koma dala da jika, firamare ta koma lakol, tun kafin a buga.

Madam Rabi, CI:
Na gode ƙwarai. To waya fa? Wasu na cewa a nuna musu a waya kawai.

Baban Nafisa, mai shagon buga takardu:
Waya ta yara huɗu ce ko biyar, Madam. Amfaninta a gida ne: malami ya ɗauki muryarsa yana karantawa, ya tura wa iyaye ta WhatsApp tare da hotunan shafukan, uwar da ba ta yi boko ba ta kunna wa ɗanta da dare.

Hajiya Zainabu, tsohuwar malama:
Ƴaƴana, kun yi maganar girma da harshe, saura abin da ke cikin littafin. Littattafan Sallah da ake kawowa daga waje, za ku ga iyali zaune a tebur da cokula, ko an je shago an sayo nama a leda. Yaron unguwar Bagalam ko Mokoyo a Maradi ba haka ya san layya ba. Shi abin da ya sani, a dawo daga idi a yanka, a feɗe, a buɗe ragon a gicciya masa sanduna, a kafa su a jere kewaye da wutar itace a ƙofar gida, maƙwabta su haɗa nasu wuri ɗaya, yini guda ana juyawa. Mata na ciki suna suyar kayan ciki. Sai washegari a sauke a yanyanka, a ɗora wa yara a kai gida-gida. Ga kitso da lalle tun jajibiri, ga zaman jiran ɗinki wurin tela, ga dawakin Sarkin Katsinan Maradi da algaita, ga yawon barka da Sallah. Shafi 12 ɗinku sun cika ke nan, ba ku ari komai ba.

Amma jerin al'adu ba labari ba ne. Sai an sa wani yaro a ciki da abin da yake nema. Misali: an aiki yarinya da kwanon nama gidan kakarta a wata unguwa, a hanya ta haɗu da mutum uku, kowa da buƙatarsa. Kowane karo a maimaita magana guda, wadda aji zai riƙa amsawa.

Ga yadda shafi ɗaya ke tafiya. An buɗe, malama ba ta ce komai ba, ta zagaya da hoton. Sannan ta karanta a hankali: «Indo ta ɗauki kwano. Ta bi ta gindin dogon yaro. Sai ga tsohuwa zaune, ba wuta a ƙofarta.» Ta yi shiru. Ta sa yatsa a kan ƙofar tsohuwar ta ce, me kuka gani a nan, me babu? Wani zai ce ba rago. Wata za ta ce ba hayaƙi. Ta ce, to me Indo za ta yi? Ta karɓi amsa biyu, ba ta ce wannan daidai wannan kuskure ba, ta kama gefen shafin ta ɗan jinkirta, sannan ta juya. Wannan jinkirin ne ke sa aji 80 ya yi tsit.

Kada a tambaye su «kun gane?». Baki ɗaya za su ce eh, har wanda ke barci. Kuma kada a riƙa ɗaukar masu ɗaga hannu kaɗai, yara biyar ne za su cinye zaman. A ce kowa ya juya ya faɗa wa na kusa da shi, sannan a kira suna daga layin baya, mace da namiji bi da bi.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙonku da shi. A kowane aji akwai maraya, akwai wanda ba a yanka komai a gidansu ba, akwai wanda rigar bara zai sa. Kada malami ya ce kowa ya faɗi abin da babansa ya saya, ko rago nawa aka yanka. A ce me ka gani a unguwarku, wa ya kawo muku nama, ina aka aike ka. Wannan kowa na da amsarsa. A cikin hoton ma a sa gidan da akuya aka yanka, jar akuyarmu ta Maradi, da gidan da kawo musu aka yi, kuma a zana su da fara'a kamar kowa.

Mushe Lawali, CP:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Shafin yanka fa, a zana ko a tsallake?

Hajiya Zainabu, tsohuwar malama:
A tsallake wuƙa da jini. Rago a ɗaure a shafi ɗaya, sanduna da wuta a na gaba. Sun san abin da ya faru a tsakani. In wani ya ce ya ji tausayin ragonsu, a bar shi ya faɗa, kada a bari aji ya yi masa dariya.

Malam Sabi'u, Islamiyya:
Ina da jan hankali biyu. Na farko, asalin layya ƙissar Annabi Ibrahim ce da ɗansa, alaihimas salam. Akwai littattafan waje da ke zana su. Irin wannan kada ya shiga aji ko kaɗan, kuma kada wani mai zane a cikinmu ya gwada. Ƙissar da baki ake ba da ita, kuma ba a buɗe ta da «ga ta nan ga ta nanku», ba a rufe ta da «ƙurunƙus», don kada yaro ya haɗa ta da Gizo da Ƙoƙi. Labarin Indo da kwanonta, wannan a buɗe shi da ga ta nan, ba laifi.

Na biyu, a garin nan akwai iyayen da ba su sakin jiki da zanen mai rai. Kada a jira sai yaro ya kai labari gida. A kai littafin zaman COGES, wato kwamitin kula da lakol, da na iyaye mata, a buɗe musu shafi-shafi, a ce ga abin da za a karanta, ga dalili. Gani ya kori ji. Wanda ya ga yarinya da ɗankwalinta tana kai wa tsohuwa nama, da wuya ya hana.

Madam Maryamu, CP:
Na goyi bayan Malam a kan nuna wa iyaye. Ina ƙara cewa a wasu azuzuwan akwai yaran Kirista, ko biyu ko uku. Su ma ana kai musu naman layya, tambayoyin Hajiya sun haɗa da su. In Disamba ta zo, littattafan Kirsimeti da ake samu duk ƙanƙara ce da tsoho mai jar riga da itacen da ba ya fitowa a ƙasar nan. Ɗan CI bai da abin da zai kama a ciki, har shi ɗan Kiristan, don a gidansu sabon ɗinki ne da shinkafa da zuwa coci da kai wa maƙwabta abinci. In za a karanta na wajen, a bari sai CE, a gabatar da shi a matsayin yadda ake biki a wata ƙasa mai sanyi, a nuna ta a taswira. A Disamban kuma akwai 18 ga wata, ranar Jamhuriya tun 1958, ta kowa da kowa ce. Ta 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai da dashen itatuwa, cikin babban hutu take faɗowa, sai dai a karanta littafinta a Yuni kafin a tashi.

Direkta Isufu:
Maganar lokaci ke nan. Sallah na matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka ba a rubuta ta wuri guda a tsarin aiki a manta. Tsakanin ƙaramar Sallah da layya wata biyu ne da kwana goma, da an dawo daga ƙaramar a fara zanen littafin babbar. Karatun uku a gama su mako guda kafin Sallah. Kwana ukun ƙarshe aji rabi ne, mata na wurin kitso, maza na bin raguna a kasuwa. Da safe ake yi, da an shiga, kafin zafi. Minti 10 zuwa 12 a CI, 15 a CP. In sunka fara motsi kafin a kai ƙarshe, kada a tsaya faɗa, a bar tambayoyi a karanta sauran kai tsaye.

Malama Hadiza, aji mai harshe biyu:
Bayan Sallah ma da sauran aiki. Ranar da aka dawo bakinsu cike yake da labari. Kowa ya zana abu ɗaya da ya gani, a zaɓi goma, mai zanen ya faɗi jimla ɗaya a kan nasa, malama ta rubuta a ƙasa yadda ya faɗa, da sunansa. A ɗinke kamar yadda Baba Direkta ya bayyana. Wannan littafin sun fi saurin karanta shi da kansu, don maganarsu ce.

Madam Rabi, CI:
Allah ya biya ku duka. Tambaya ta ƙarshe: ajinmu na kara ne, ba kabad, ba ƙofa. Ina za a ajiye babban littafin har baɗi?

Direkta Isufu:
Kada shi kwana a ajin kara ko dare ɗaya, saboda gara da awaki. Kada kuma a naɗe shi kamar tabarma, shafukan ba za su sake miƙewa ba. A sa shi a shimfiɗe cikin babbar leda da busasshen ganyen dogon yaro, a kai ofishin direkta, bisa kabad ko bisa katako, nesa da bango da ƙasa. In da ƙullun rogo anka yi liƙi, a duba shi sau ɗaya cikin damina, don ƙwari na bin sa. Ranar karatu a waje kuma a zo da abin maƙale shanya guda biyu, a kama shafukan ta sama saboda iska.